Hajiya Mita da Na'urorin Ɗakin Bakwaini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Rajab, muna cikin aiki a ɗakin gwaji, babban ɗanki ya kira ni ya ce, "Kawu, Mama ta cika." Na ajiye waya na zuba wa kujerarki ido.

Na daɗe ina mataimakinki a sashen tantance na'urori na hukumar sadarwa. Aikinmu shi ne duba kayan da ake son shigowa da su, mu faɗi wanne ne na'urar rediyo a idon doka, wanne ne ba ita ba. Duk abin da ke aika saƙo ta iska, ko da agogo ne ko ƙararrawar ƙofa, sai an auna mitar da yake aiki a kanta kafin a sake shi. Shi ya sa muka raɗa miki Hajiya Mita. Kikan yi dariya ki ce ba ki san wace mitar muke nufi ba, ta rediyo ko wadda kike mana idan mun makara. Ba mu haɗa jini ba, amma ƙanena kike kirana. Lokacin da matata ta kwanta asibiti, ke kika kwashe yaranmu zuwa gidanki ba tare da na roƙa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne makon da aka kawo na'urorin lura da numfashi da bugun zuciyar jarirai bakwaini, waɗanda wani asibitin yara ya daɗe yana jira. Kamfanin da ya shigo da su ya ce kayan asibiti ne zalla, babu ruwansu da mu. Kika ɗauki ɗaya, kika kwance bayanta, kika nuna mini wata 'yar eriya da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Da ita na'urar ke aika bugun zuciyar jariri zuwa allon da ke teburin nas. Kika ce, "Ƙanena, wannan rediyo ce, ko me aka rubuta a kwali."

Washegari likitar ɗakin bakwaini ta shigo, idanunta jajir. Ta ce, "Hajiya, jiya na rasa jariri. Numfashinsa ya tsaya nas tana kan wani gadon. Maganin wannan yana nan kulle a wurinki." Ba a jima ba Daraktan hukumarmu ya sauko da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ki sa hannu a saki na'urorin kafin a tashi aiki, ko ki bar masa sashen. Kika miƙe kika ce, "Ranka ya daɗe, sashen naka ne. Hannun nan kuwa ba zan sa shi a kan abin da ban auna ba."

Da suka fita kika koma kan na'urar. Kika ce mini a hankali, "Idan wani jaririn ya tafi kafin mu gama, ni Allah zai tambaya." Ranar ba ki kai komai bakinki ba. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai mu dubi juna, muna tsoron daga asibitin ne.

Da awo ya fito, kika aika aka kira likitar. Mitar na'urar ta zo ɗaya da ta oba-obar da direbobin motar asibiti ke magana da ita. Kika maƙala mini na'urar a yatsa, bugun zuciyata ya bayyana a allo. Kika danna oba-oba, sannan kika zare na'urar daga yatsana. Allon ya sandare a kan bugun ƙarshe, yana nuna komai lafiya, ƙararrawar gargaɗi kuma ba ta ko motsa ba. Likitar ta dafe kujera ta zauna. Ta ce, "Motocinmu a bayan tagar ɗakin suke tsayawa."

Ba ki tsaya nan ba. Kika gano cewa na'urorin za su iya aiki da wayar da ake jonawa idan an kashe eriyar. Kika ba da izini a kan wannan sharaɗi, har zuwa lokacin da kamfanin zai sauya mitar. Da yammacin ranar muka bi kayan zuwa asibiti, na gan ki durƙushe tsakanin gadajen jarirai kina jan waya, mayafinki na share ƙasa. Darakta bai manta ba. Ya mayar da ke ɗakin ajiyar kaya, inda kika yi kusan shekara kafin a dawo da ke. Ban taɓa jin kin ambace shi da sharri ba.

Ranar da na zo duba ki a jinyarki ta ƙarshe, magana ma da ƙyar take fita. Kika yi mini nuni da na'urar da ke gefen gadonki, kika ce in juya bayanta in gani ko ta bi ta hannunmu. Na juya, na ga tambarin sashenmu. Na ce ta bi. Kika ce, "To, bari in yi barci."

Allah Ya jiƙan ki, Yaya. Ya haskaka kabarinki, Ya sauƙaƙa miki tambayar da kika rayu kina tsoronta, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da 'ya'yanki da jikokinki, da abokan aikinki da kika bari cikin kewa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.