Ƙafar motar Baba a gindin amalanke

Jama'a, yau saura ƙiris amalanke ya bi ta kaina!

Kun san jar motar marigayi Baba, mai ƙofa biyu, irin ta tsere. Yaya Sani ya rantse ran Juma'a 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, za su zo su yanka ta, tunda an rasa ƙafar bayanta da sifirin ɗinta. Na ce wallahi ba da raina ba.

Da safe na tafi Kabo wajen wani bakanike. Na nuna masa hoton motar, ya kalla ya yi dariya. "Hajiya, ko a Kano an daina ganin wannan. Amma je ki Sabon Birni ki leƙa gindin amalanken Malam Buba."

Amalanken shanu fa!

Na tarar ana loda gyaɗa. Muka gaisa da Malam Buba, na shige ƙarƙashin amalanken. Ita ce sak! Na ƙwalla ihun murna, ashe bijimin ba ya son ihu. Ya zabura, taya ta wuce ta gefen kunnena, ta tafi da mayafina. Innalillahi!

Malam Buba ya riƙe igiya yana salati. "'Yar nan, ƙarfe kike nema ko lahira?"

Na gaya masa 'yar wane ce ni. Sai ya ce, "Allah Ya jiƙansa, ai shi ya ba ni. Irin motar biyu ya saya, ya fasa ɗaya, wannan ƙafarta ce. Kawo min kowace irin ƙafa, ki kwance taki."

Yaya Sani, na ga kana karantawa. Sallami 'yan gwangwanka. Ran Alhamis kai za ka shiga ƙarƙashi, ni zan riƙe maka sufana daga nesa.