Ishbel, Mai Kunna Min Hita

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, Allah ya yi wa maƙwabciyata Ishbel Macaulay rasuwa a asibitin Glasgow, nesa da tsibirinmu na Lewis. Tun kafin a bugo waya jikina ya ba ni.

Ishbel, kin tuna tsofaffin hitocinmu na ɗumama ɗaki, masu bulo a ciki? Su sha wuta da dare, su gasa mutum da safe, kafin yamma sun huce kamar ba a yi ba. Sai ka yi duban yanayin gobe tun yau kafin ka murɗa su. Ke ce kike bin ƙofofinmu bayan labaran yamma kina cewa, "Gobe akwai ƙanƙara, a ƙara wuta."

Da aka kwashe su aka kafa sababbi, waɗanda ake sarrafawa da waya, ni dai na shiga uku. Idona ya riga ya tafi, yatsuna kuma na tsohon masunci ne, in taɓa nan can ya amsa. Ɗana Calum ya zo ya tarar da ni cikin bargo biyu, ya ce magana ta ƙare, sai in koma gidan kula da tsofaffi. Gidan da na yi zaman aure a cikinsa, a ce in bar shi saboda hita!

Kika riƙe ƙugu kika ce masa, "Kai Calum, ni na goya ka fa. Sa min abin nan a wayata, ka kama gabanka."

Ya ce ai ana iya saita shi ya riƙa kunna kansa. Kika ce, "In na bar wa na'ura, wa zai tuna da tsohon nan?"

Kullum da safe ke kike kunnawa da hannunki, kuma da gangan kike cika wuta, don in kira ki.

"Ishbel, gasa ni za ki yi?"

"To, Murdo, tunda ka iya mita, kana da rai. Je ka ɗora shayi."

Ko da jirgi ya kai ki asibiti ba ki fasa ba, muryarki tana ƙanƙancewa kina tsokanata. Ran Talatar nan na farka ɗakin da sanyi kamar cikin rijiya. Na zauna bakin gado na yi kuka, ban jira an faɗa min ba.

'Yarki Seonag ta karɓi aikin, ta ce wasiyyarki ce, don haka Calum ya bar ni a gidana. Yarinyar kirki, tana kunnawa daidai, ba zafi ba sanyi, har na rasa abin ƙorafi, na rasa dalilin ɗaga waya. Wallahi wannan ya fi min ciwo.

Allah ya jiƙanki, Ishbel, ya yafe miki, ya ba ki hutawa. Seonag, da ku jikoki, da sauran dangi, Allah ya ba ku haƙuri. Ni ma ku yi min ta'aziyya.