Kofur ɗin Shingen Jibiya

A shingen sojoji na Jibiya akwai wani siririn kofur mai tsaga a kumatu, ba ya iya tsayawa wuri ɗaya. Abokan aikinsa ma ba su iya faɗin sunan da ke ƙirjinsa ba. Ina jin ɗan wata ƙaramar ƙabila ne, shi kaɗai a cikinsu.

Yana leƙa motarmu, sai wata mata ta tsawata wa ɗanta da yarensu. Kofur ɗin ya tsaya cak. Ya amsa mata da yaren nan.

"Kofur, sallami motar nan!" in ji ogansa.

Direba ya ja, shi kuwa yana bin tagar da gudu yana magana.

Na ce, "Baiwar Allah, me yake cewa?"

Ta ce, "Tambaya yake ko da sauran mutane a ƙauyensu."