Kamshaf Ɗin da Na Saya Don In Fi Ɗan Baffana

A cikin duk abubuwan da suka same ni tun da na fara riƙe sifana a aikin kanikanci, akwai guda ɗaya da ba zai taɓa fita daga raina ba, shi ne yadda na kashe injin motar mahaifina da hannuna, a gaban jama'ar ƙauyenmu, don kawai ba na son jin ana yabon ɗan baffana.

Ƙauyenmu yana kusa da Wad Haddad. A shekarun nan, idan an gama yankan dawa ƙasa ta bushe, samari masu boksi, wato motar nan mai buɗaɗɗen baya, sukan taru ranar Juma'a bayan la'asar a gefen babbar tur'a da ke kai ruwa gonaki. Akwai wani miƙaƙƙen fili a wurin, daga gindin wani gawo zuwa ƙaramar gada. Mota biyu-biyu ake jerawa, a ɗaga rawani, a sauke, wanda ya riga isa gada shi ya ci. Ba a ba da komai. Suna kawai ake samu, amma a lokacin sunan nan ya fi mana komai.

Ni da ɗan baffana sa'o'in juna ne, kuma a warsha ɗaya, wato gareji, muka koyi gyaran mota a garin Sinnar, wurin wani dattijon usta, wato babban makaniki. Ni na riga shi shiga da kusan shekara biyu. Ni na nuna masa yadda ake kwance kafireta. Saboda haka da ya fara cinye tseren nan mako bayan mako, sai hassada ta kama ni. Da bakina nake taya shi murna, a raina kuwa ba haka abin yake ba.

Abin da ya ƙarasa ni ya faru ne wata safiya a ƙofar gidanmu. Dattawa suna shan jabana, wato gahawa, ana hirar tseren jiya, sai na ji mahaifina ya ce, "Yaron nan Allah Ya ba shi hannu. Ƙarfe yana jin maganarsa." Ina tsaye riƙe da buta, bai ko dube ni ba. Yanzu da na girma na san ba da wata manufa ya faɗa ba, ɗan ƙaninsa ya yaba kamar yadda kowa yake yabawa. Amma ni a ranar ji na yi kamar ya ce ni ba ni da hannu.

Na bincika har na gano sirrin. Ɗan baffana ya canja kamshaf, sandar nan mai ƙusoshi da ke juyawa tana buɗe bawul tana rufewa, wadda Larabawa ke ce wa amud al-kamat. Ya sa wadda ƙusoshinta suka ɗan fi na asali tudu, don bawul ya ƙara buɗewa, inji ya ƙara shaƙar iska da mai. Da na ji haka sai na ce a raina, ashe abin ba hannu ba ne, ƙarfe ne. In ya sa babba, ni zan sa wadda ta fi tasa.

Na tafi Sinnar, na zaga wurin masu tsofaffin kayan mota har na samu wata da aka ce daga motar tsere aka ciro ta. Ƙusoshinta kamar gwiwar raƙumi. Na naɗe ta a buhu na kai wa usta, ina jiran ya yaba.

Ya juya ta a hannu, ya shafa ƙusoshin da babban yatsa, sannan ya ce, "Ɗana, a wace mota za ka sa wannan?"

Na ce, "A boksin Baba."

Ya ce, "Boksin da ke ɗaukar dawa? To saurara. Babbar kamshaf ba ta ƙara wa inji ƙarfi a ko'ina. Ɗauke ƙarfin take yi daga ƙasa ta kai shi sama. Sai inji ya yi ihu sosai kafin ta fara aiki. Filinku gajere ne, kafin ta farka an riga an kai gada. Kuma sifirin da ke rufe bawul ɗinka na asali ne, ba za su iya mayar da bawul da saurin da take so ba. Ka auna tazarar da ke tsakanin bawul da fistan?"

Na ce zan auna.

Ya ce, "Ka nemi madaidaiciya. Wannan ta fi ƙarfin motarka."

Na yi godiya na fito. A hanya ina ta ce wa kaina tsoho ne, tsoro ya yi masa yawa, kuma dama ya fi son ɗan baffana. Haka hassada take yi wa mutum. Duk wanda ya gaya maka gaskiya sai ka ɗauke shi ka sa a layin abokan gaba.

Na ce wa mahaifina zan yi wa motar ɗan gyara kafin a fara kwaso dawa daga hawasharmu, wato gonarmu ta cikin aikin ban ruwa. Kwana biyu na yi a kanta. Ban auna komai ba, don ina tsoron abin da awon zai nuna mini. Da na tayar da ita, sai ta kama wata irin ƙara mai tsalle-tsalle, gaba ɗaya motar tana girgiza kamar doki yana haƙa ƙasa. Mutane suka fara leƙowa. Wani ya ce, "Kai mutumina, wannan ai zaki ka saka a ciki." Ban taɓa jin daɗi irin na wannan yammacin ba.

Ɗan baffana ma ya zo. Ya sunkuya kan injin, ya kasa kunne na ɗan lokaci, fuskarsa ba dariya. Da mutane suka ragu ya ja ni gefe.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ta yi girma. In ka matsa mata sosai bawul zai taɓa fistan. Ka bar tseren wannan makon, mu buɗe ta tare mu duba."

Na ce, "Tsoro kake ji?"

Ya dube ni, ya ce, "Motar Baffa nake ji wa."

Na ce masa ya je ya ji da tasa. Ya juya ya tafi.

Ranar Juma'a filin ya cika, har da mutanen ƙauyukan da ke maƙwabtaka da mu, don labari ya bazu cewa 'yan gida ɗaya za su kara. Mahaifina bai saba zuwa ba, amma ranar ya zo, ya tsaya a inuwar gawo da sandarsa. Aka jera mu. Aka sauke rawani.

Na saki kuloci, sai motar ta yi wani nauyi kamar an ɗaure ta da igiya ta baya. Abin da usta ya faɗa ke nan, ba ta da ƙarfi a ƙasa. Kafin ta farfaɗo, ɗan baffana ya ba ni tazarar mota uku. Can sai ta farka, ta fizge ni da ƙarfin da ban taɓa ji ba, na fara cim masa. Ya kamata in canja giya, amma na ga bayan motarsa yana matsowa, na ƙi ɗaga ƙafata daga totur. Injin yana ihu, ni ina ƙara dannawa. Sai na ji ƙarar ƙarfe ya daki ƙarfe, sau uku ko huɗu a jere, motar ta yi tari, ta mutu. Ta gangara a hankali ta tsaya a tsakiyar fili, hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin bonet.

Ba wanda ya yi dariya. Ɗan baffana ya juyo daga gada, ya ɗaura igiya, ya ja ni har gida ta tsakiyar ƙauye. Ina zaune ina riƙe da sitiyari, kuma ko a lokacin, Allah Ya yafe mini, haushinsa nake ji don ya kyauta mini a gaban mutane.

Da muka buɗe injin washegari, bawul biyu sun lanƙwashe, fistan ɗaya ya fashe. Mahaifina ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Dawa tana gona, tsuntsaye suna ci. Da me za mu kwaso ta?"

Da motar ɗan baffana muka kwaso ta. Kwana huɗu yana jigila, ya bar nasa aikin. Mahaifina yana gaba kusa da shi, ni ina baya a kan buhuna. A rana ta ƙarshe, muna sauke kaya, na daure na tambaye shi girman kamshaf ɗinsa. Ya nuna mini da farce, bambancinta da ta asali bai kai kaurin ƙwayar dawa ba. Ya ce wata biyu ya yi yana gwaji kafin ya zaɓe ta, yana auna filin, yana sauraron inda injin ya fi ja. Sannan ya ce, "Kai ka koya mini sauraron inji. Na yi mamaki da ba ka saurari naka ba."

Sai da muka shafe kusan wata biyu kafin motar ta sake tashi, da kamshaf ɗinta ta asali. Mahaifina bai ƙara ba ni makullinta ba sai bayan shekara.

Yau ina da warsha tawa, kuma samari sukan zo su ce in sa musu babba. Nakan tambaye su aikin da motar take yi, da tsawon hanyar da za ta bi, da abin da sauran kayan injin za su iya ɗauka. Daga nan nakan tambaye su wa suke son su fi. Abin da na koya shi ne, duk zaɓin da mutum ya yi idonsa yana kan abin wani, ba zai dace da nasa ba, kuma sau da yawa ba shi kaɗai zai ɗanɗana kuɗar ba, har da mutanen da suka amince masa.