Allurar Ranar Asabar

Perpetua 'yar Kagoro ce, ma'aikaciyar jinya mai sanyin hannu, wadda ko yara ba sa gudun allurarta. Shekara goma sha shida da aurenta da Elkana, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Shi ya fara zuwa Dubai, yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Al Qusais. Ta biyo shi a 2011, don ta ji an ce likitocin can na taimakon masu neman haihuwa.

Aikin gida ta samu wajen wata Bayahudiya mai suna Rifka. Ashe ciwonsu ɗaya. Ita ma haihuwa take nema, kullum tana yi wa kanta allura kan lokaci. Sai dai daga faɗuwar ranar Juma'a har taurarin Asabar su fito, hutun addininsu ne, ba ta taɓa waya, ba ta shiga mota. Malaminsu ya ce allurar Asabar, gara wanda ba Bayahude ba ya yi mata. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Duk Asabar ɗin da allura ta kama, Perpetua na nan.

Bayan shekara biyu, likitan Perpetua ya ce ƙwayayen haihuwarta sun kusa ƙarewa, ta zo Asabar da ƙarfe huɗu a yi gwajin ƙarshe. Ƙarfe huɗun nan kuwa shi ne lokacin babbar allurar Rifka, wadda ba a jinkirta ta.

Rifka ba ta roƙe ta ba. "Je ki, habibti, khalas," in ji ta da Larabci, wato je ki kawai, 'yar'uwa, shi ke nan.

Perpetua ta ɗauki jaka har bakin ƙofa. Ta tsaya, ta dawo, ta wanke hannu.

"Maigida, wata mai zuwa ma wata ne," ta gaya wa Elkana a waya, shi yana zaune a asibiti yana jiranta.

Ni dai har yau ban san ko in yaba mata ko in yi mata faɗa ba. Wata mai zuwa ya zo, likita ya duba, ya girgiza kai. Ta yi kuka har ta gode Allah.

Rifka ta haifi 'ya mace. Perpetua ce ta yi mata wankan fari, ta goya ta wata takwas, sannan iyayen suka koma ƙasarsu da ita.

Yanzu duk Asabar, huɗu na bugawa, sai Perpetua ta tashi ta wanke hannu. Elkana kuwa tawul kawai yake miƙa mata.