Ninki Ɗaya Daga Zanen Baban Bakanike

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, mu telolin Tudun Wada ko lokacin sosa kai ba mu da shi. An ƙara wa ma'aikata albashi, kowa ya ga yadi sai ya saya, har a jikin ƙofar shago nake rataye shadda da leshi don wuri ya ƙare. Ni kuwa a lokacin gani nake duk Gombe babu mai riƙe almakashi kamata. Wannan jin kan ne ya kusa raba ni da aminina.

Aminin nawa bakanike ne, garejinsa na bayan tasha. Ruwa biyu ne. Uwarsa Bafillatana ce 'yar unguwar Shamaki, ubansa kuma Bature ne mai sayen fata da ƙirgi, wanda ya koma ƙasarsu tun yaron bai yi wayo ba. Ni Babarbare ne, kun kuwa san wasan da ke tsakaninmu da Fulani. Kullum ya biyo ta shagona sai na ce masa rabinsa bawana ne, ɗaya rabin kuma har yau ba a ga mai shi ba. In shafa tsagar fuskata in nuna tasa da ke fili fetal kamar faranti, in tambaye shi ko daga sama ya faɗo. Dariya yake yi ya rama. Ban taɓa kawo wa raina cewa maganar tana kwana a zuciyarsa ba.

Wata Talata da hantsi sai ga shi a guje, hannu duk baƙin mai, ya rungumo wani ƙunshi da damatsa don kada ya ɓata shi. Daga gidan waya yake. Ashe shekara da shekaru yana aika wasiƙa ƙasar ubansa, wadda ake kira Sikotlan, ba amsa. Ranar ce amsa ta zo daga goggonsa, ƙanwar uban. Ta ce tsohon ya rasu, amma ya bar wasiyya a aiko wa ɗansa na Gombe wannan kaya.

Ya ce ni zan kwance, hannuna ya fi tsabta. Na kwance. Ƙamshin kafur ya cika shagon. Yadin ulu ne mai nauyi kamar bargo, kore da shuɗi gida-gida, da siririn ratsin ja da na rawaya suna gittawa. Gabansa a shimfiɗe, bayansa kuma ninki ne a jere a jere, ga maɗaurin fata a ƙugu. Na ɗaga shi sama, na juya shi, sai dariya ta ƙwace mini har na dafa keke. Na ce masa goggon nan ta yi kuskure, siket ɗinta ta aiko masa.

Ko a jikinsa. Bakinsa har rawa yake wajen yi mini bayanin abin da ke cikin wasiƙar. Wai sunan abin kilti, maza ne ke ɗaura shi a can, da shi suke zuwa biki, da shi kakanninsu suka je yaƙi. Kuma kowane dangi da nasa launin da nasa ratsin, duk wanda ya san abin, yana hango ka zai faɗi gidanku.

"Tela, ka ga tsagarmu," in ji shi. "Mu a jikin tufa muke yin ta."

Abu biyu ya nema: in rage masa ƙugu don uban ya fi shi jiki, in kuma toshe wasu huda biyu da asu ya yi. Matarsa na da tsohon ciki bayan shekara tara suna jira, shi kuwa ya ci alwashin da wannan zai fito ranar suna. Ya faɗi haka ya wuce Kumo gyaran wata babbar mota.

Da ya tafi na zauna na yi ta kallon abin. Na hango shi a ƙofar gida, ga liman, ga surukai, ga yaran gareji, shi kuma ya fito cikin siket. Na ji kunyar ta kama ni tun ba a je ko'ina ba. Na ce a raina ina amfanin aminin da zai bar ka ka zama abin dariyar unguwa? Ga ulu mai kyau an tara shi a baya a banza. Sai dabara ta faɗo mini, na ji daɗinta har ina tafa hannu ni kaɗai: in warware shi in fitar masa da wando da 'yar shara, launin gidansu na nan, mutuncinsa na nan. In ya dawo ya ga aiki ya san yana da tela.

Kwana biyu na yi ina warware ɗinkin, domin da hannu aka yi shi, ƙanana ƙwarai kamar tafiyar tururuwa. Da na gama na ja yadin, sai ya tashi daga bangon shago ya fita ƙofa ya tsallake kwata, ya kusa kaiwa wurin mai ƙosai. Kusan yadi takwas a ƙugun mutum ɗaya! Maƙwabta suka taru ana ta mamakin ɓarnar Turawa, ni kuma ina ta hura hanci. Na naɗe shi a kan tebur, na ja alli, na sa almakashi a tsakiya na raba shi gida biyu.

Almakashin na hannuna sai ga aminina ya shigo, da ƙullin goro, fuska kamar gonar auduga. Yana cewa an sauka, namiji ne, sai idonsa ya kai kan tebur. Ya ajiye goron, ya goge hannu a rigarsa, ya ɗauki gefen nan ya ɗauki gefen can, yana haɗa bakinsu kamar za su manne da kansu. Na shiga zuba masa bayanin wando da 'yar shara, ina yi muryata na raguwa. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

"Tela," ya ce, "wando ina da shi. Uba ne ba ni da shi."

Ya fita ya bar goron. Ranar na tuna duk tsokanar da na yi masa a kan fuskarsa, na ji na tsani bakina.

Saura kwana shida suna. Na rufe ƙofar shago rabi, na ce wa masu shadda su yi haƙuri, wanda ba zai iya ba ga kayansa. Da yawa sun kwashe suna surfa mini zagi, ban ko ɗaga kai ba. Na shimfiɗa yadin a hasken rana ina neman ta inda zan fara, sai Allah ya nuna mini hanya. Karin guga na nan daram a jikin ulun, shekarun da ya yi a naɗe ba su goge shi ba. Ban da haka, bayan kowane ninki ya ɗan koɗe, cikinsa kuma launin na nan sabo. Ashe telan farko ya bar mini sawu. Da na naɗa biyar na farko na ga ratsin rawaya ya hau kan ɗan'uwansa cif, sai da na yi tsalle na buge kai da ƙofa.

Matsalar tana wurin da na yanka. In za a haɗa ba a gani ba, dole ɗinkin ya ɓuya a cikin ninki, kuma gida-gidan su dace. Na gwada ta kowace fuska, babu yadda za a yi sai an cire ƙyalle mai faɗin taki guda, wato ninki ɗaya ya tafi ke nan. Haka na sake sa almakashi. Sauran aikin duk da allura na yi shi, ina shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma ina bi da dutsen guga mai gawayi. Na lallashi kaina cewa ai dama rage ƙugu ya ce in yi. Ƙyallen kuwa na cusa shi a aljihu, na ƙudura ba wanda zai ji labarinsa.

Ana gobe suna da la'asar na kai masa gida da kaina. Ya juya shi gaba da baya, ya bi ratsin da yatsa, ya nemi wurin yankan bai gani ba. Ya ɗago ya dube ni, ya ce ashe Barebari ma sukan yi abin kirki in sun ji tsoro. Da jin ya koma tsokana na san na tsira, na sauke ajiyar zuciya.

Washegari aka raɗa suna da safe, aka ci tuwo aka raba goro. Bayan la'asar, ƙofar gida ta cika, sai ga angon ƙarni ya fito. Farar riga a sama, kilti a ƙugu, doguwar safa har gwiwa. Da yake uban ya fi shi tsawo, zanen ya rufe masa gwiwa sarai, na ga liman ya leƙa ya gyaɗa kai. Wuri ya yi tsit, sannan yaran gareji suka fashe da dariya. Shi kuwa ya buɗe hannuwa ya yi juyi guda, ninkin nan suka tashi suka baje suka koma wurinsu a tare. Sai guɗa ta tashi daga cikin gida, mai kalangu ya ɗauka, masu dariyar nan su ne suka fara tafi. Yana tafe yana gaya wa duk wanda ya tare shi cewa wannan launin gidan kakansa ne. Ni ma na bi bayansa ina gaya wa mutane aikin wane ne, kamar ba ni na kusa hallaka shi ba.

Ana cikin haka aka ce Dada na kira, wato mahaifiyarsa. Ya ja hannuna muka shiga tare. Tsohuwar na zaune a tabarma a tsakar gida, idonta ya yi rauni, sai da ya durƙusa ta laluba. Ta taɓa ulun. Ta sunkuya ta shinshina shi, ta ce wannan ne. Ta ba mu labarin yadda uban kan ɗaura shi sau ɗaya a shekara, ranar wani bikinsu, kuma ita ce ke goge masa, don bai yarda kowa ya taɓa ba. Ta ce ninki ashirin da bakwai ne, ta san su kamar yatsunta. Ta sa ɗan nata ya juya mata baya, ta fara bi ɗaya bayan ɗaya da Fillanci, go'o, ɗiɗi, tati.

Ta kai ƙarshe ta tsaya, ta dawo farko ta sake bi.

"Ɓingel am," ta ce masa, wato ɗana, "saura ɗaya. Ina ya tafi?"

Ya waiwayo ya dube ni. Babu wurin gudu. Na tsuguna a gabanta na ce, "Dada, laifina ne," na faɗi komai tun daga wandon har yankan, na zaro ƙyallen daga aljihu na sa mata a hannu. Ta murza shi, ta ce dama wa ya aiki mutum ya ba Babarbare ajiyar kayan gado. Matan da ke wurin suka yi dariya, ni ban iya ba.

Sai ta ce a miƙo mata jaririn. Ta kwantar da shi a cinya, ta warware ƙyallen ta naɗa masa a ƙugu, ya zagaye shi har ya yi saura. Ta sake kama bayan ɗanta ta fara daga farko, a hankali, kowa na ji. Da ta kai ashirin da shida ta sauke hannunta a kan cikin jaririn, ta ce ashirin da bakwai.