Ido Ya Buɗe, Masa Ta Ƙone

Duk wanda ya taso a Ƙofar Kware ya san Inna Bara'atu mai masa. Ni ce 'yarta Nafisa, kuma wallahi ban taɓa ganin taurin kai irin nata ba. Tun tana yarinya a Wamakko kakarta ta zaunar da ita gaban tanda. Ba ta ce mata yi kaza ba. Hannunta kawai ta riƙe tare da ludayin, su zuba tare, su juya tare, har hannun ya iya.

Da girma ya zo, yanar ido ta rufe mata gani a hankali, har sai ta murya take gane mutum. Amma masa ko ɗaya ba ta ƙonewa. Nauyin ludayi ke gaya mata ƙullu ya isa. Ta kara bayan hannu ta san wuta ta yi, ta ɗan taɓa da cokali ta ji gindin masa ya saki.

Ni na nace sai an yi mata aikin ido. Na yi lallashi, na yi kuka, na haɗa ta da yayanta Kawu Sodangi, da ƙyar ta yarda. Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Ranar da aka cire bandeji ta ƙare min kallo ta ce, "Ashe haka kinka tsufa?" Godiyar da na samu ke nan.

Tana komawa bakin tanda abu ya dagule. Ta zuba wa masa ido, da ta ga gefe ya yi ja sai ta juya, ciki ɗanye. Ta gaba ta jira, ta ƙone ƙurmus. Masu saye suka fara zamewa. Malam Habibu mai shayi, da ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar masarta, ya koma wajen wata a bakin titi. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

"Ke kinka ja min," in ji ta.

"Haba Inna! Ido fa na nema miki, ba cuta ba."

"To idon ga karambani gare shi. Kahin hannu ya yi magana, shi ya riga."

Na ce ko itacen ne, na ce ko shinkafar ce. Har bidiyon masu masa na nuna mata a waya, ta ture hannuna. Kai, na gaji! Daga nan ta ce gobe ta ƙarshe ce, za ta kyautar da tandar kakarta ta huta.

Da safe na fito da shirin faɗa, sai ƙamshin da na sani ya tare ni. Ashe hayaƙi ne ya shige mata ido ta runtse, hannu ya ci gaba da aikinsa. Tana zaune ido a rufe gam, masa na fitowa jajaye, masu laushi. Malam Habibu ma ƙamshin ya jawo shi, yana tsaye da kwanonsa.

"Inna, duk wahalar da na sha, ki zo ki rufe idon?" na ce mata.

"Yi min shiru, kina ɓata min aiki."

Sai da ta cika wa Malam Habibu kwano ta buɗe ido, ta daɗe tana kallona.

"Tanda ba ta buƙatar shi," ta ce. "Wanga na kallon ki ne. Zo zauna inda zan gan ki."